Ƙaramar Tarakta Idan Ta Kasa Ja: Ciwonta da Maganinsa

Akwai wata irin ƙara da takan zo gaban Hakimai a gabanin damina da kuma lokacin shirin noman rani. Manoman ƙauye sun haɗa kuɗi sun sayi tsohuwar ƙaramar tarakta, ko kuwa wani mai hali ya saya yana ba da ita haya. Ta yi shekara ɗaya ko biyu tana aiki lafiya, sa'an nan ta soma sanyi. Injinta yana tashi, yana kuka kamar kullum, amma da an saka garma a ƙasa sai ta riƙa jan ciki, ko ta tsaya cik a gindin ɗan tudu. Masu ita su ce direba ne ya kashe ta, direba ya ce aikin makanike ne, makanike kuwa ya ce giya ta mutu, sai an sayo sabuwa. Kafin a gama gardama lokacin huɗa ya wuce. Wanda ya san noman alkama a Kadawa ko Bakolori ya san abin da wannan ke nufi, gama alkamar da ba a shuka ba daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba zafin Maris zai riske ta kafin ta cika ido.

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da malamansu su san tambayoyin da za su yi, da kuma wadda za su fara yi. Ba a nufin Hakimi ya ɗauki sifana. Amma sau da yawa akan bar jaki a daki taiki, watau a farke giya mai lafiya alhali ciwon yana ga bel wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Shugaban da ya san tsarin binciken yana iya tsare dukiyar talakawansa, ya kuma raba gardama da gaskiya.

Irin taraktocin da ake nufi

Iri biyu ne. Na fari ita ce mai ƙafa biyu, wadda direba yake bi a baya yana riƙe da hannuwanta kamar mai garmar shanu. Yawancin waɗanda ake gani a fadamu ƙirar ƙasar Sin ne, masu injin gas mai fistin ɗaya, mai ƙarfin doki 12 ko fiye kaɗan, da giya shida ta gaba da biyu ta baya. Bel uku ko huɗu ne suke ɗauko ƙarfi daga inji su kai wa kuloci, kuloci ya miƙa wa giya, giya ta juya taya.

Na biyu ita ce mai ƙafa huɗu wadda ake hawa, irin ta lambu. Asalinta daga Amurka ne. Kamfanin International Harvester ya fito da tasa mai suna Cub Cadet a 1961, kamfanin John Deere kuma ya fito da mai lamba 110 a 1963, kowace da inji mai ƙarfin doki 7. Na farkon duk giya mai haƙora gare su. A tsakiyar shekarun 1960 aka soma sa musu wata irin giya da ba a canja ta da sanda, wadda matsin mai ne yake tura ta. Waɗanda suke isowa nan ƙasar tsofaffi ne da suka gama aiki a hannun masu su na fari, saboda haka sukan zo da gajiyarsu.

Inji ne, ko taya, ko giya?

Wannan ita ce tambaya ta fari, kunne da ido kuwa sun isa su amsa ta. A sa direba ya shiga gona ya saka garma, mutum ɗaya ya bi gefe yana saurare yana dubawa.

Idan tarakta ta yi sanyi, muryar inji kuma ta faɗi tare da ita, yana tari yana fitar da baƙin hayaƙi, to giya ba ta da laifi. Ta karɓi nauyi ta miƙa wa inji, shi ne ya kasa ɗauka. Sai a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin 'yan kwanaki, a duba matatar mai, a kuma duba ko an zurfafa garma fiye da kima.

Idan inji yana kuka sosai, taya kuma tana juyawa a wuri ɗaya tana tonon rami, nan ma giya lafiya take. Taya ce ta suɗe, ko ƙasa ta cika laka, ko kuwa babu isasshen nauyi a kan tayar.

Amma idan muryar inji ba ta canja ba, taya kuwa ta daina juyawa ko tana juyawa a hankali, to ƙarfi yana zubewa ne a wani wuri tsakanin inji da taya. Wannan ne ciwon da ake magana a kansa. Ƙa'idar bincikensa ɗaya ce: a fara da abin da ke waje, mai arha, a ƙare da abin da ke ciki, mai tsada.

Kafin kowa ya sa hannu, lalle a kashe inji. In mai fetur ce a zare wayar fulogi, in mai gas ce a rufe mai. In za a ɗaga ta, a tokare ta da gumagumai masu ƙarfi, kada a dogara ga jak kaɗai.

Bel

Bel ne aka fi samu da laifi, shi ne kuma aka fi rainawa. Abin da ya kamata a gane shi ne, bel irin wannan da gefunansa biyu yake kamu, ba da cikinsa ba. An yi shi mai faɗi a sama, mai tsini a ƙasa, domin ya cusa kansa cikin kwarmin faifan da yake zagayawa a kai. Da gefunan suka cinye sai ya nutse har ya taɓa gindin kwarmin, daga nan ya daina kamu ko da an ɗaure shi tamau. Saboda haka a leƙa gindin kwarmin. In ya yi sulɓi yana sheƙi, ko dai bel ya cinye ko faifan kansa ya buɗe. Sauran alamu su ne ƙaurin roba, da ƙara kamar kukan tsuntsu in an saka garma, da baƙar ƙura a ƙarƙashin faifan, da bel mai sheƙi ko mai tsattsagewa.

A tarakta mai ƙafa biyu ana gwada ɗaurin bel da danna tsakiyarsa da yatsu. In ya lotsa fiye da kimanin santimita 2, ya saki. Ana ɗaure shi ta hanyar kwance notunan da suka riƙe inji, a matsa injin gaba kaɗan, a tabbata faifan inji da na kuloci suna kan layi ɗaya, sa'an nan a ɗaure. Kada a wuce gona da iri, gama bel mai tsananin ɗauri boris yake ci. In ɗaya ya lalace a cikin uku, dukansu ake canjawa. Wanda ya sa sabo ɗaya a tsakanin tsofaffi biyu ya ɗora wa sabon kayan uku, ba zai kuwa daɗe ba.

A tarakta mai ƙafa huɗu akwai wani ɗan faifai da sifirin yake jansa ya danne bel. A yawancin masu giyar haƙora wannan ɗan faifan shi ne kulocin gaba ɗaya: in direba ya taka, faifan ya ja baya, bel ya saki. Sifirin da ya miƙe, ko hannun faifan da tsatsa ta riƙe, yakan sa tarakta ta yi kamar giyarta ta mutu. Ɗan giris da sabon sifirin ne maganinsa.

Wajen saye a kula da faɗi. Bel mai harafin A faɗinsa milimita 13 ne, mai harafin B kuwa milimita 17. A tafi kasuwa da tsohon, a karanta lambar da ke jikinsa. Bel ɗin fankar mota ba ya maye gurbinsa ko da tsawonsu ya zo ɗaya. Shafa wa bel ƙaro ko toka domin ya kama dabarar yini ɗaya ce, faifan kuwa shi zai biya.

Kuloci, birki da ɗan makulli

Kulocin tarakta mai ƙafa biyu faya-fayai ne da sifirin ke matse su. In direba ya sake hannun kuloci, dole a sami ɗan sarari tsakanin boris ɗin da ke buɗe shi da 'yan yatsun ƙarfen da yake dannawa. Sararin bai kai milimita 1 ba, littafin kowace tarakta kuwa ya faɗi iyakarsa. In babu shi, kuloci kullum a buɗe yake rabi da rabi, yana sulɓewa yana zafi. Ana gane haka da taɓa murfinsa bayan ɗan aiki, da kuma wari irin na birkin babbar mota a gangare. Gyara sandar da ke jansa yakan isa. In mai ne ya shiga faya-fayan, a wanke su da fetur, a shanya, a nemo inda man ya ɓullo. In sun cinye sai sababbi.

Ƙananan hannuwan nan biyu da ake karya kwana da su, kowanne yana cire taya ɗaya daga giya. In wayar ɗaya ta ɗaure da yawa, tarakta za ta riƙa karkata gefe ɗaya, tana ja da ƙafa guda.

Birki mai riƙewa ma yakan ruɗi mutane. A cire giya, a tura tarakta da hannu a kan fili. In ta yi nauyi, ko birkin ya yi zafi bayan tafiya kaɗan, to ita da kanta take kokawa.

Akwai kuma wani ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai tsawon yatsa ba, wanda yake kulle taya ko faifai da sandar ƙarfen da yake kai. Yakan karye, yakan kuma faɗi a ƙasa in an cire taya domin liƙi ba a lura ba. A zana layi da alli daga kan sandar zuwa jikin tayar, a gwada ja. In layin ya rabu, sanda tana juyawa ne a banza a cikin taya. Duk taraktar da ta daina tafiya a ranar da aka mayar mata da taya, nan za a fara dubawa.

Giya mai haƙora

Ita wannan ba ta san sanyi ba. Haƙori ko ya kama ko ya karye, saboda haka ciwonta da ƙara yake zuwa, ko tsalle daga giya, ko ƙin shiga. In tarakta mai irin wannan giya tana raguwa a hankali ba ƙara, da wuya laifin ya kasance a cikin akwatin. Abin da take bukata shi ne man giya, yawanci mai lamba 90, a cika shi daidai bakin ramin gwaji. Taraktar da ke aiki a cikin ruwan shinkafa takan sha ruwa ta robar da ke tsare mai a gindin taya. In aka buɗe aka ga man ya yi fari kamar koko, a zubar, a canja robar, a zuba sabo tun kafin tsatsa ta ci boris.

Giya mai aiki da matsin mai

Nan ne maganar take da tsawo, domin makanikan da suka saba da mota da babur ba kasafai suka taɓa buɗe irinta ba.

A cikin akwatinta akwai famfo, akwai kuma abokinsa mai kama da shi. Inji yana juya famfon, famfon ya tura mai da matsi mai tsanani zuwa ga abokin, shi kuma ya juya taya. Kowannensu tulu ne na ƙarfe mai 'yan fistina a jere, yana juyawa a kan wata fuska mai santsi kamar madubi. Sandar da direba yake turawa tana karkata wani faifai ne: in ya karkata da yawa famfo ya turo mai da yawa, tarakta ta yi sauri, in ya miƙe ta tsaya, in ya karkata ɗaya gefen ta koma baya. Tsakanin tulun da fuskar babu roba, babu komai, sai santsin ƙarfe da kaurin mai. Duk ƙarfin tarakta a kan waɗannan biyu ya rataya.

Daga nan ake gane alamar da ta fi kowace bayyana. Tarakta ta fita da safe da ƙarfinta, bayan minti ashirin ko rabin sa'a ta soma sanyi, can ta kasa hawa ko da kunya. A bar ta ta huce, ta sake tashi garau. Dalili shi ne, mai in ya yi zafi yakan tsinke, tsinkakken mai kuwa yakan sulale ta duk inda ƙarfe ya goge maimakon ya tura taya. A ƙasashen da aka ƙera ta ma haka take yi in ta tsufa, balle a Sakkwato ko Maiduguri inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40.

Duk da haka ba a fara buɗe ta. Da fari a duba 'yar sandar da ke bayanta, wadda ake ja in za a tura tarakta da hannu. Aikinta buɗe wa mai hanya ne ya zagaye. In ba ta koma wurinta sarai ba, rabin ƙarfin ya bi ta nan. Yara kan ja ta da wasa. Sa'an nan a duba sandunan da suka haɗa hannun direba da giyar, gama in ramukansu sun buɗe, direba zai tura har ƙarshe amma faifan ciki bai kai rabi ba.

Bayan haka a duba fanka. A saman giyar akwai 'yar fanka ta roba, jikin akwatin kuma yana da tsage-tsage domin shan iska. Fuka-fukan fankar kan karye, tsage-tsagen kuma ciyawa da laka su cike su har su zama kamar ginin tukunya. A kankare, a wanke, a canja fankar. A nan ya kamata a tsawata wa direbobi a kan wata al'ada: sukan rage wutar inji domin tsimin mai, su riƙa huɗa a hankali. Ga irin wannan giya kuskure ne, domin fanka da famfo duk da saurin inji suke tafiya. A buɗe wa inji wuta, a rage sauri da sandar tafiya.

Sai mai. A duba yawansa, da launinsa, da ƙanshinsa. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri ya ƙone. Wanda ya yi kumfa iska ta shiga cikinsa, iska kuwa matsuwa take yi ba ta tura komai, shi ya sa giyar kan yi kuka tana fizga. Kowane kamfani da man da ya ce a zuba. Giyar Hydro-Gear yawanci baƙin man inji mai lamba 20W-50 take sha. Ta Tuff Torq mai lamba K46, wadda take cikin ƙananan taraktoci da yawa, tana cin wajen lita 2, kamfanin kuwa ya fi son mai lamba 5W-50 in za a canja. Tsofaffin Cub Cadet na International Harvester mai suna Hy-Tran aka yi musu. Man giya mai lamba 90 da man birki ba su da wuri a cikinta ko kaɗan. Waɗansu ba a yi musu ramin zubar da mai ba, sai an sauke giyar an kifa ta. Aikin yini ɗaya ne, ya kuma cancanci a yi shi. Mai matata a waje a canja mata matatar tare da man.

In an zuba sabon mai dole a fitar da iska. A ɗaga tayoyin baya, a buɗe 'yar sandar turawa, a tayar da inji da ƙaramar wuta, a tura sandar tafiya gaba da baya a hankali sau biyar ko shida. A rufe 'yar sandar, a maimaita har tayoyi su riƙa juyawa ba gargada, kana a sake duba mai a cike gurbin da iska ta bari. Da yawa an yanke wa giya hukuncin mutuwa don an tsallake wannan.

In an yi duk wannan amma tana nan tana sanyi da zafi, to ƙarfe ne ya goge. A lokacin ne makanike yake da gaskiya. In ya buɗe zai tarar da garin ƙarfe a jikin maganaɗisun da ke cikin akwatin, da zane-zane a kan fuskar nan mai santsi. Zanen da farce ba ya kamawa ana iya goge shi da takardar yashi mai laushi ƙwarai, a shimfiɗa ta a kan gilashi, a shafa mai, a riƙa murzawa a hankali. Wanda farce ke kamawa sai an canja tulun da fuskar tare. Wannan aiki a ɗaki mai rufi ake yinsa, a kan tebur mai tsabta. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maido da ciwon, don haka gindin bishiya a cikin hunturu ba wurinsa ba ne.

Akwai gaskiya ɗaya da masu saye ba su son ji. Ba kowace mai ƙafa huɗu aka yi domin garma ba. Mai giya irin K46 domin yankan ciyawar gida da jan ɗan amalanke aka ƙera ta. Wadda aka yi domin huɗa takan fi nauyi, tayarta ta baya kuma yawanci da notuna huɗu ko biyar ake ɗaure ta, ba da ɗan makulli ɗaya ba. In an ɗaura wa ƙaramar garma ta ƙone, ba direba ne da laifi ba, ba kuma makanike ba, sabuwar giya ma haka za ta ƙare. Wannan ba sabon darasi ba ne a ƙasar nan. Babban aikin noma da injuna da aka buɗe a Mokwa a 1949 ya watse a 1954, cikin dalilan kuwa har da injunan da ba su dace da ƙasar ba da tsadar gyaransu.

Abin da malamin Hakimi zai rubuta

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 harkar noma tana hannun ƙaramar hukuma da ma'aikatar gona ta jiha, amma har yanzu ƙofar Hakimi ce talaka yake fara zuwa. In za a rubuta wa malamin gona ko mai sayar da kayan gyara a birni, takardar da ta ce "tarakta ta lalace" ba ta da amfani ga kowa. Malami ya je da kansa ya kwafo suna da lambar da ke kan ɗan allon ƙarfen jikin tarakta, da lambar da ke jikin giyar ita kanta, gama sau da yawa kamfanin da ya ƙera tarakta dabam, wanda ya ƙera giya dabam. Ya rubuta ko muryar inji tana faɗuwa ko ba ta faɗuwa, ko taya tana juyawa, ko ciwon tun da safe yake ko sai ta yi zafi, da minti nawa take yi kafin ta yi sanyi, ko gaba da baya duka ne ko ɗaya, da irin man da aka zuba na ƙarshe da wanda ya zuba.

Ƙungiyar da ke da tarakta kuma ya kamata Hakimi ya umarce ta ta ajiye littafi, a riƙa rubuta sa'o'in aikin kowace rana, da ranar da aka canja mai ko bel, da kuɗin da aka kashe. In makanike ya canja wani abu, a karɓi tsohon a ajiye a gidan mai gari, kada a biya kuɗin aiki duka sai tarakta ta yi huɗar sa'a guda cur da rana tsaka a gaban shaidu biyu.